Ɗana ba ya rabuwa da mura: garkuwar jikinsa ce ta yi rauni?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara biyu da wata huɗu. Tunda na fara kai shi wurin renon yara wata shida da suka wuce, hancinsa bai bushe ba. Wannan murar ta tafi, bayan kwana goma wata ta zo, ga tari da daddare, wani lokaci da zazzaɓi na kwana biyu ko uku. Sau uku ana ba shi antibayotik. Yana cin abinci, yana wasa, nauyinsa ma yana ƙaruwa, amma ni hankalina bai kwanta ba. Shin garkuwar jikinsa ce ba ta da ƙarfi? Akwai maganin da zai ƙarfafa ta? Kuma ina goyon jaririya 'yar wata biyu, ina tsoron ya shafa mata."

Wa'alaikumus salam Malama. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya miki su. Tambayoyi uku na gani a saƙonki: ko yawan murar yaron alamar raunin garkuwa ce, ko akwai abin da za a ba shi ya sha ta ƙaru, sannan me ya kamata ki yi game da ƙanwarsa. Bisa abin da kika bayyana, yaron da ke ci, yana wasa, yana ƙara nauyi, kuma kowace mura yana tashi daga ita, garkuwarsa aikinta take yi. A cikin yaran nan naki biyu, wadda zan fi zuba wa ido ita ce jaririyar, zan kuma faɗa miki dalili.

Mu fara da lissafi. Yaro lafiyayye da bai kai shekarun firamare ba yakan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara. Idan yana cuɗanya da yara da yawa a ɗaki ɗaya, tana iya kaiwa sau goma ko goma sha biyu. Babba kuwa sau biyu ko uku ne. Kowace mura tana ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta sake shi, tarin ma yakan yi mako uku. To ki ɗauki mura takwas, kowacce mako biyu, kin ga wata huɗu ke nan. Idan kuma suka taru a watannin farko na shigarsa cikin yara, ko a lokacin sanyi, sai uwa ta ga kamar ciwo ɗaya ne ya ƙi warkewa, alhali baƙi ne daban-daban ke shigowa, wannan na fita wancan na sallama.

Abin da ke faruwa idan ƙwayar ta shiga hanci

Mura ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma sun haura iri 200. Wadda ta fi yawa ita ce rinobairos, sai RSV (wata bairos ta hanyar numfashi da ta fi wahalar da jarirai), da farainfuluwenza, da adinobairos, da wasu koronabairos masu sauƙi da suka daɗe suna yawo tun kafin Korona ta 2019, sai kuma infuluwenza wadda ta fi su kayar da mutum. Bairos ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar da ke shimfiɗe a cikin hanci ko maƙogwaro, ta ƙwace kayan aikinta ta buga dubban irinta. Da ɗan gari akan ci gari.

Kafin ta kai ga haka, sai ta tsallake shinge. Akwai majina mai danƙo da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu 'yan gasusuka da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana, suna tura majinar zuwa maƙogwaro a haɗiye ta. Idan ƙwayar ta tsallake ta shiga, ƙwayar halittar da ta kamu sai ta saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Aikinsa kamar kururuwar mai gadi ne: yana sanar da maƙwabtan ƙwayoyin halitta su rufe ƙofa, su daina buga duk abin da baƙon ya kawo. Daga nan jijiyoyin jinin hanci su buɗe, ruwa ya tsattsafo, fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin. Wannan shi ne toshewar hanci da yoyon majina da kike gani. Wasu sinadaran kuma su isa ƙwaƙwalwa su sa ta ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓi, da kasala, da ƙin abinci.

Rinobairos ita kanta ba ta yi wa cikin hanci wata ɓarna mai yawa. Yawancin wahalar da yaro ke sha daga martanin jikinsa take fitowa. Kaluluwar da kike tarar masa a wuya ko bayan kunne, mai laushi, mai motsi a ƙarƙashin yatsa, ita ma wurin taron sojojin jiki ne.

Majinar da ta koma ruwan ɗorawa ko kore a kwana na uku ko na huɗu ita ta fi sa a rubuta wa yara antibayotik ba bisa ƙa'ida ba. Launin daga wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira nutrofil, suna ɗauke da wani sinadari mai launin kore, idan suka taru suka mutu a majina sai ta rine. Wannan na faruwa a murar bairos zalla, ba hujja ba ce ta cewa bakteriya ta shigo.

Duk wannan martanin da na bayyana shi ne sashen farko na garkuwa, wanda ake haihuwar yaro da shi, kuma ba rago ba ne a jikin yara. Lokacin Korona an ga yadda cutar ta fi yi wa yara sauƙi fiye da manya, kuma binciken da aka yi a kan ƙwayoyin halittar cikin hanci ya nuna cewa na yara a shirye suke zaune, suna saurin gane bairos da sakin intaferon. Sanyi kuwa, da iyaye ke ɗora wa laifi, ba shi ke haifar da mura ba, amma iyayen ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a 2015, a kan ƙwayoyin halittar ɓeraye, cewa rinobairos ta fi hayayyafa a zafin digiri 33 irin na cikin hanci fiye da digiri 37 na cikin huhu, domin martanin intaferon yana raguwa idan wuri ya yi sanyi. Ga shi kuma a lokacin sanyi an fi cunkushewa a ɗaki a rufe tagogi.

Sashen da sai an koya masa

Inda yaro ya bambanta da babba shi ne sashe na biyu, wanda ke gane kowace ƙwayar cuta da kamanninta, ya kuma riƙe ta a ka. Sojojinsa iri biyu ne. Ƙwayoyin B suna ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, kowanne an yanka shi daidai da ƙwayar cuta guda, kamar makulli da kwaɗonsa. Ƙwayoyin T kuma suna farautar ƙwayoyin halittar da bairos ta riga ta shiga su kashe su. Ana horar da ƙwayoyin T ɗin a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda ta fi aiki a ƙuruciya, ta riƙa motsewa bayan balaga. Ɗanki yana da waɗannan sojoji jingim, sai dai yawancinsu sabbin ɗauka ne, ba su taɓa ganin abokin gaba ba.

A haɗuwar farko, sashen nan yana buƙatar kusan mako guda kafin ya tara rundunar da ta dace. Bayan an gama yaƙi sai ya ajiye wasu ƙwayoyi masu tunawa, waɗanda idan wannan baƙon ya dawo za su tashi cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ba tare da an ma san ya zo ba. Abin da ya sa ke kike shaƙar iska ɗaya da shi amma ba kowace murarsa kike ɗauka ba, kin riga shi haɗuwa da yawancinsu shekaru da suka wuce.

To me ya sa mura ba ta ƙarewa kamar ƙyanda, a yi sau ɗaya a huta? Domin ƙyanda kama ɗaya gare ta. Rinobairos kuwa tana da nau'i fiye da 160, kuma kariyar da aka samu daga ɗaya ba ta cika tare ɗaya ba. Infuluwenza tana sauya tufafinta kaɗan-kaɗan duk shekara, shi ya sa allurarta ma ake sabuntawa duk shekara. RSV kuma kariyar da take bari ba ta cika ba: kusan kowane yaro ya kamu da ita kafin ya cika shekara biyu, kuma zai sake kamuwa har tsufa, sai dai na farkon ne ya fi tsanani. Wani dogon bincike da aka yi a Tucson ta Amurka, inda aka bi yara tun daga haihuwa, ya nuna cewa waɗanda suka shiga manyan wuraren reno sun fi yin mura a shekara ta biyu, amma a shekarun firamare sun fi sauran samun sauƙi. Bashin da kowane yaro zai biya ne, ɗanki ya fara biya da wuri. Ba ina cewa a tura yaro cikin masu ciwo da gangan ba. Duk ciwon da yake da riga-kafi, ta allura ya kamata jiki ya koye shi.

Jaririyar

'Yar wata biyu ba ta fara ƙera nata antibodi da yawa ba, da aro take tafiya. A watanni ukun ƙarshe na ciki, antibodinki sun ratsa mabiyiya sun shiga jininta, shi ya sa bakwaini ke zuwa da guzuri kaɗan. Wannan aron yana raguwa da kusan rabi duk mako uku zuwa huɗu, kuma tsakanin wata uku da shida yakan yi ƙasa sosai alhali nata bai kankama ba. Nono yana toshe wani ɓangare na giɓin da wani nau'in antibodi da ke shafe maƙogwaro da hanji, tun daga dakashi. Idan kika kamu da murar wanta, jikinki zai ƙera kariya ya zuba a nonon, don haka mura ba dalilin dakatar da shayarwa ba ce. Ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki, ki ci gaba.

Amma ba garkuwa kaɗai ke sa jarirai shan wuya ba, har da ƙanƙantar hanyar iska. Misalin da muke koya wa ɗalibai shi ne: hanyar iskar jariri mai faɗin milimita 4, idan bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal, kashi uku cikin huɗu na filin da iska ke bi ya tafi. Kumburi iri ɗaya a hanyar babba mai milimita 8 bai ci rabin fili ba. Ƙwayar da ta tsaya wa ɗanki a hanci, a jikin ƙanwarsa tana iya gangarawa ƙananan hanyoyin iska na huhu ta cika su da majina. RSV ce gwanar wannan. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya ce tana kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 3.6 a asibiti duk shekara, tana kashe kusan 100,000, kuma kusan rabinsu ba su kai wata shida ba. Halinta shi ne ta fara kamar mura mai sauƙi, sai a kwana na uku zuwa na biyar numfashi ya yi nauyi. Na sha karɓar jarirai da iyaye suka ce mini ai shekaranjiya an duba su an ce mura ce kawai. Wanda ya duba ɗin bai yi ƙarya ba, a ranar mura ce. Abin da ya kamata ya ƙara shi ne ya faɗa musu ranakun da za su sa ido.

Ga abin da za ki duba. Ki ɗaga mata riga lokacin da take kwance ba ta kuka, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cikakke. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40, wannan na ɗanki ke nan. Idan ƙasan ƙirjinta na lotsawa ciki lokacin da take jan iska, ko ƙofofin hancinta na buɗewa, ko tana gurnani da kowane numfashi, ko leɓenta ya sauya launi, ko numfashin yana ɗaukewa na ɗan lokaci, ko ta kasa shan rabin nonon da ta saba, ko fitsarinta ya ragu sosai, ko ta yi laushi da wuyar tashi daga barci, asibiti za ki nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka kuma duk jaririn da bai kai wata uku ba, zafin jiki digiri 38 kaɗai ya isa a kai shi, ko da yana shan nono lafiya. Kada a ba shi farasitamol a zauna jira.

Raba su kwata-kwata a gida ɗaya ba zai yiwu ba, ban kuma ce ki hana shi ƙanwarsa ba. Idan ya dawo, a wanke masa hannu da sabulu a sauya masa riga. Idan yana mura, ya sumbace ta a ƙafa maimakon fuska. Ki tabbatar allurorinta na riga-kafi suna tafiya a kan lokaci. Akwai kuma wata allura mai suna nirsevimab, antibodi ne da aka riga aka ƙera, ana yi wa jariri sau ɗaya ta kare shi daga RSV mai tsanani na kimanin wata biyar. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023, shekarar da ita ma allurar RSV ta masu juna biyu ta fito. Ba kowace ƙasa ta fara ba da su ba, ki tambayi likitanku.

Yaushe muke zargin raunin garkuwa na gaske

Ba yawan ciwo muke dubawa ba, irinsa da yadda yake ƙarewa. Yaron da garkuwarsa ke da matsala yakan yi limoniya sau biyu ko fiye a shekara, ko kunnensa ya yi ta zubar da ruwa, ko maruru masu zurfi su yi ta fito masa, ko farin gansakuka ya ƙi barin bakinsa bayan ya wuce shekara ɗaya, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ciwo ya ƙi jin magani sai an yi ta jijiya. Mafi muhimmanci, ba ya girma. Muna kuma tambaya ko a dangi an taɓa rasa jarirai da ciwon da ba a gane ba. Raunin da ake haihuwar yaro da shi ba kasafai ake samunsa ba. Wanda ya fi yawa shi ne wanda wani abu ya jawo, kamar tamowa, ko ƙanjamau, ko sikila, ko ƙyanda, wadda bincike a 2019 ya nuna tana goge wani kaso na antibodin da yaro ya riga ya tara. A saƙonki ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai abubuwan da ke shigar burtu da sunan mura. Tarin dare da ke daɗewa bayan kowace mura, musamman da shessheƙa kamar ana busa usur a ƙirji, ko tari idan ya yi gudu, yana sa in yi tunanin asma, kuma kin ambaci tarin dare, don haka ki sa a saurari ƙirjinsa da wannan a rai. Atishawa da majina tsararo da ƙaiƙayin ido ba zazzaɓi, aleji ne, wato jiki na ƙin wani abu kamar ƙura. Minshari da barci baki buɗe kullum, tsokar bayan hanci ce ta girma. Majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya kuwa, a leƙa ciki: na taɓa ciro guntun soso daga hancin yarinyar da aka yi makonni ana ba ta maganin mura. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare, ko akwai babba mai dogon tari a gidan, a gwada tarin fuka.

Antibayotik da maganin ƙarfafa garkuwa

Antibayotik bakteriya yake kashewa, bairos ba ta san yana yi ba. Abin da ke ruɗar mu shi ne ana fara shi a kwana na uku ko na huɗu, daidai lokacin da jiki ya kusa cin nasara, sai a ba magani yabon da na garkuwa ne. Ban ga ɗanki a waɗannan lokuta uku ba, don haka ba zan ce an yi kuskure ba. Wani lokaci bakteriya takan biyo bayan bairos, musamman a kunne, domin bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro gajere ne a kwance a jikin yara. Alamarta ita ce yaro ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo, ko zazzaɓin ya wuce kwana uku yana ƙaruwa, ko ciwon kunne, ko saurin numfashi, ko majina ta haura kwana goma ba alamar raguwa. Idan aka sake rubuta masa, ki tambaya cikin ladabi: Likita, ina ne bakteriyar take?

Maganin ƙarfafa garkuwa kuwa, a ganina yawancin kwalaben da ake tallatawa da wannan suna asarar kuɗi ne. Idan gwaji ya nuna yaro na da ƙarancin wani sinadari, kamar ƙarfen jini ko zink ko bitamin A ko D, cike giɓin yana da amfani. Ga yaron da ba shi da ƙaranci, ƙari ba ya hana mura. Bitamin C ma abin da aka gani shi ne yana ɗan rage kwanakinta, ba ya hana kamuwa. Ita garkuwa ma ba ƙarfi kawai ake so daga gare ta ba, daidaito ake so. A tsakiyar shekarun 1960 an gwada wata allurar RSV a kan jarirai a Amurka. Ta tayar da garkuwarsu ta hanyar da ba ta dace ba, da suka haɗu da cutar ta ainihi sai kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu suka kwanta asibiti, biyu suka rasu. Wannan ne ya jinkirta samun allurar RSV fiye da shekara hamsin.

Abin da ke taimakawa ba shi da armashi: abinci mai gina jiki iri-iri, isasshen barci, cikakkun allurorin riga-kafi har da ta infuluwenza da ake fara yi daga wata shida, wanke hannu, da nisantar da shi daga hayaƙi kowane iri, domin hayaƙi yana kashe kuzarin 'yan gasusukan nan masu share majina. Idan murar ta zo, ruwa da yawa, ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kantin magani, da farasitamol gwargwadon nauyinsa idan zazzaɓin ya hana shi sakewa. Zuma rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali ɗaya kafin barci tana sassauta tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya, amma kada ko ɗigo ya shiga bakin jaririyar. Kada a ba yaro asfirin a ciwon bairos, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Magungunan tari da mura na kwalba kuma ba a ba wa ɗan shekara biyu.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi, ban sa masa abin sauraron ƙirji ba, ban ga katin awon nauyinsa ba. Ki samu ɗan littafi, ki riƙa rubuta ranar da kowace mura ta fara da ranar da ta sake shi, kwanakin zazzaɓi da abin da ma'auni ya nuna, da ko akwai ranakun da yake garau a tsakani. Idan tarin daren ya tashi, ki ɗauki sautinsa a waya. Ki tafi da littafin, da sautin, da katin awonsa wurin likitan yara a ranar da yake lafiya, domin a ranar ne za a fi gane ko akwai abin da ya rage a ƙirjinsa bayan murar ta wuce.